Waiwaye: Yaro Yana Zuwa Inda Ake Cigiyarsa

A watan Satumba na 1976 aka sa ni aji ɗaya, shekarar da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Garinmu bai taɓa ganin cikar yara a makaranta irin ta ranar ba. Masu unguwanni sun bi gida-gida suna rubuta sunaye. Yaron da ba a san shekarunsa ba sai a ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa. In ya taɓo, ya isa shiga. Benci bai ishe mu ba, wasunmu a ƙasa muka zauna. Amma kafin mu kai aji uku, wurin zama ya fara yalwata. Ba a ƙaro benci ba, yara ne suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Cikin masu zamewar akwai wani ɗan Fulani daga rugar da ke bayan rafin garinmu. Sai ya taya mahaifinsa tatsar nono, ya raka shanu bakin daji, sannan ya kamo hanya. Kullum a makare yake isowa, kullum kuma tsumagiya ke tarbarsa a bakin ƙofa. In ya shigo aji ya buɗe baki, Hausarsa ta ba yara dariya, har wasu su riƙa kwaikwayonsa. Lokacin tara muna cin rogo da ƙuli a gindin darbejiya, shi yana can jikin katanga shi kaɗai. Da fari ranar kasuwa kawai yake fashi. Daga nan ya koma kwana biyu a mako, har ya kai ya yi mako guda cur ba a gan shi ba. Ba wanda ya tambaya. A rajista dai ana sa masa alamar bai zo ba, a wuce suna na gaba.

Da muka shiga aji uku aka kawo mana sabon malami. Rana ta uku da ya kira sunan yaron ya ji shiru, sai ya ajiye biro ya dube mu ya ce, "Ina ɗan'uwanku?" Muka yi tsit, don ba mu taɓa ɗaukarsa ɗan'uwanmu ba. Bayan la'asar malam ya hau kekensa, ya ɗora ni a baya in nuna masa hanya. A ruga aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Ya sha, ya tambayi lafiyar gida da ta dabbobi, bai ambaci doka ko tara ba. Can ya ce da mahaifin, "Baffa, ɗana na zo nema. Ajina bai cika ba sai da shi." Dattijon ya yi jim, sannan ya ce, "Malam, tun da aka rubuta yaron nan, kai ne na farko da ya tako nan saboda shi."

A zaman nan malam ya gane dalilin makarar, don ruwa ba ya tsami banza. Ya roƙi hedimasta a daina dukan yaron in ya iso kafin ƙarfe tara. Sannan ya ba shi aiki: shi zai riƙa buga ƙararrawar tashi, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen darbejiya. Wata safiya kuma a darasin lissafi ya kira shi gaban allo ya ce ya koya mana ƙirga da Fulatanci. Yaron ya tsaya yana rawar murya: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Muka riƙa maimaitawa muna kuskure, shi yana gyara mana. Ranar ce na fara ganin haƙoransa. Daga wannan zangon har muka gama aji shida, in ba ciwo ba, ban ƙara ganin gurbinsa a buɗe ba. Yakan ce in bai zo ba, wa zai tashi makaranta?

A ajin nan kuma akwai wata yarinya mai tallan ƙosai da safe. Mun rabu da wancan malami da muka wuce aji huɗu, ita kuma ta fara fashi kamar yadda yaron ya fara. Ba a samu wanda ya hau keke saboda ita ba. A ƙarshen shekara aka ja layi a kan sunanta, kuma har yau abin yana min ciwo, don ta fi yawancinmu kaifin kai.

Na daɗe ina juya labarin yaran nan biyu, kuma na fahimci fashin makaranta ciwo ne mai ciyar da kansa. Yaro ya yi fashin kwana ɗaya, darasi ya wuce shi. Ya dawo a yi masa tambaya ya kasa, a kira shi daƙiƙi, aji ya fashe da dariya. Gobe kunya ta hana shi zuwa, jibi abin da ya wuce shi ya ninka. In a tsakanin nan wani ya ce masa "Jiya mun yi kewarka," igiyar fashin ta tsinke. In ba wanda ya ce komai, sai yaron ya yanke wa kansa hukunci cewa zuwansa da rashin zuwansa duk ɗaya ne. Babba ma ba ya yawan taka gidan da ba a amsa masa sallama, balle yaro.

Hukuma ta yi ƙoƙarin kawo yara bakin ƙofa. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa saboda irin abokina. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin tushe ga kowa, wato UBE, a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta mayar da karatun shekara tara na farko kyauta kuma tilas. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin ciyar da 'yan firamare. Duk da haka, shekara da shekaru Asusun UNICEF ya yi ta ambaton yara kimanin miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Talauci da rashin tsaro da nisan makaranta duk gaskiya ne, kuma wajibi ne a ci gaba da matsa wa masu mulki a kansu. Amma cikin yaran da muke gani suna gararamba a tasha da kasuwa lokacin darasi, akwai da yawa da sunansu ke cikin rajista. Doka ta rubuta su, abinci ya jawo su, sai dai ba su tarar da wanda ya riƙe su ba. Magabata sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na san malamin yau yana da uzuri. Na shiga ajin da yara suka haura ɗari, malami ɗaya a kansu, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Ba zai iya bin kowane gida ba. Shi ya sa aikin ya wuce kan mutum guda. A raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya san nasa, ya kawo labarin wanda bai zo ba. Kwamitin makaranta na al'umma da ƙungiyar iyaye da malamai su karɓi sunan duk yaron da ya yi fashin kwana uku a jere, su aika dattijo ko dattijuwa gidansu, a je da sallama da tambaya. Mai unguwa da liman su sa baki. A binciki dalilin makara kafin a ɗaga bulala. A daina yi wa yaro dariya saboda harshensa ko yagaggiyar rigarsa ko sana'ar gidansu. A ba kowane yaro wani abin da ya rataya a wuyansa, ko da goge allo ne ko ban ruwan shuka. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke jiran kasafin kuɗi. Mu iyaye kuma, in yaro ya ce ba ya son makaranta, mu zaunar da shi mu tambaye shi wa ke zama kusa da shi, wa ke wasa da shi, malaminsa ya san sunansa kuwa.

Malam, gobe da safe in ka kira suna ka ji shiru, kada ka gaggauta wucewa. Ɗaga kai ka tambayi ajin ina ɗan'uwansu, ka aika a dubo shi kafin rana ta faɗi. Ɗa na kowa ne, kuma amana ce a hannunka.