Sola a Kan Rufi, Zafi a Cikin Ɗaki: Sharhi Kan Gidajen Ƙoƙi



Duk wanda ya hau Dutsen Dala a 'yan shekarun nan ya dubi cikin birnin Kano, wajen Ƙoƙi da Sarari har zuwa Kasuwar Kurmi, zai ga baƙaƙen farantan sola suna ƙyalli a kan kwanon gidaje, abin da shekara goma baya sai an tona. Matsi ne ya kai mutane ga haka. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, janareta ya zama sai wane da wane. A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da farashin lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Sai kuma watan Oktoba na wannan shekarar, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara da teloli da masu niƙa ba su manta da wannan mako ba. Tun daga nan, duk mai ɗan hali a cikin gari ya fara tambayar farashin faranti da batir da inbata.

A ƙasashen da suka riga mu nisa a wannan harka, burin da ake kai wa shi ne gida ya samar da wutar da ta kai yawan wadda yake sha a tsawon shekara, in aka yi lissafi ya tashi ba a bin sa, ba ya bin kowa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta sa sola a sababbin gidaje tun daga 2020. A Jamus kuwa, tun 1991 aka gina gida a birnin Darmstadt wanda aka toshe masa duk wata kafar da ɗumi ke zurarewa, har ya zama kusan ba ya buƙatar na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar sanyinsu. Najeriya ma ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. To ina gidan Ƙoƙi a cikin wannan zance?

Akwai bambanci babba tsakaninmu da su. A can, babban layin wuta shi ne rumbun magidanci: da rana ya zuba rarar wutarsa a ciki, da dare ya ɗebo. Mu a nan layin bai tsaya da ƙafarsa ba, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan ranaku. Saboda haka duk wutar da za ka sha bayan magariba sai ka saya mata batir, batir kuwa shi ne ya fi komai tsada a cikin kayan, shi ne kuma yake fara mutuwa. Duk wat ɗin da gidanka ya ɓarnatar, sau biyu ka biya shi, ka biya a faranti ka biya a batir. Wannan ne ya sa nake ganin mutumin Ƙoƙi ya fi Bajamushe buƙatar tattalin wuta, kuma aikin daga cikin ɗaki yake farawa, kafin a jingina tsani a hau rufi.

Mu ɗan yi lissafi tare. A ɗauki gida mai ƙwan fitila 10, irin tsohon ƙwan nan mai zafi na wat 60 wanda har yanzu ake samu a zaure da banɗaki da kicin. In suka yi awa 6 a kunne, sun sha yunit 3.6. A ƙara fanka 4 ta sama, kowace wat 75, su yi awa 12 suna juyawa a bazara, wani yunit 3.6 ke nan. An haura yunit 7 ba a taɓa firji ba, ba a kunna talabijin ba. Yanzu a canza ƙwayayen da masu wat 9, waɗanda haskensu bai gaza na farkon ba, a canza fankokin da sababbin nan masu shan wat 30. Gida ɗaya, haske ɗaya, iska ɗaya, amma lissafin ya sauko yunit 2. Faranti mai wat 500 a ranar Kano yana ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a wuni. Gidan farko sai ya ɗora faranti 3 ko 4 da batir mai nauyi, na biyun kuwa faranti ɗaya ya kusan ɗauke shi. Kuɗin canza ƙwai da fanka bai kai kuɗin batir guda mai kyau ba.

Sai dai ƙwai da fanka ƙaramin alhaki ne. Babban mai cin wuta a Kano shi ne zafi, kuma a nan ne Ƙoƙi take da abin faɗa.

Unguwar nan ta fatake ce da malamai, nan ne gidan Alhassan Ɗantata ya kafu ya bunƙasa, kuma attajiran wancan zamani a ginin ƙasa suka rayu. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da nake nufi. Ka baro rana mai ƙuna a lungu, ka sunkuya ka shiga zaure, sai ka ji sanyi ya sauko maka a kafaɗa, ka dafa bango ka ji shi da ɗan sanyi-sanyi. Maginan da suka yi wannan aiki sun san abin da suke yi. Bangon tubali mai kauri, wanda gindinsa kan kai rabin mita ko fiye, yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barin sa ya iso ciki sai bayan awanni. Rufin azara da aka zuba wa ƙasa a kai yana yin irin wannan aiki daga sama. Taga ƙarama ce kuma tana can sama, iska mai zafi ta fita, rana ba ta samu hanyar shigowa ba. Lungu matsattse ne, katangar wannan tana yi wa katangar wancan inuwa. Tsakar gida a buɗe take, da dare zafin ya tashi sama, a yayyafa ruwa a shimfiɗa tabarma. Ga randa a gindin bishiya. Ilimin randar nan ne Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ɗauka, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Me muke yi yau? Ana rushe soro, a ɗora bulo mai rami na inci 6, a buga kwano, wani lokaci ko silin babu. A faɗaɗa taga ta gilashi tana kallon yamma. A rufe tsakar gida a mayar da ita falo, a malale ƙasa da siminti, a sare darbejiyar ƙofar gida. Zuwa la'asar bangon ya ɗauki zafi, ɗaki ba ya zaunuwa. Daga nan sai maigida ya ce sai an sa na'urar sanyaya ɗaki. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana shan sama da wat 1,000, in ta kwana tana aiki za ta iya cinye kusan yunit 8, wato ninki huɗu na abin da fitilu da fankokin gidan nan mai tattali suke sha gaba ɗaya. Mun kashe kuɗi mun gina zafi, yanzu muna neman wasu miliyoyin mu kore shi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin asara ce da ake tafkawa a unguwar da ta gaji maganinta.

Ba ina cewa kowa ya koma ginin ƙasa ba ne, kuma na san uzurin masu rushewa. Soro yana son yaɓe kafin kowace damina, azara ta yi tsada, maginan da suka iya haɗa makuba da laso sun ƙaranta. In indararo ya toshe ruwa ya kwanta a rufi, ana iya rasa rai, kuma kusan kowace damina sai mun ji gini ya faɗa wa mutane a cikin gari. Ga rabon gado da ke yanka gida ɗaya gida biyar, kowa na neman inda zai ɗora bene. Haka nan a tsakiyar bazara, bangon ƙasa yana sakin zafinsa da dare, shi ya sa iyayenmu suke kwana a waje. Duk wannan gaskiya ne. Amma tsakanin tsohon soro da akwatin bulo akwai hanyoyi da dama. Akwai bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti, ya fi tubali jure ruwa, ya fi bulon siminti hana zafi. Wanda ya riga ya buga kwano, ya yi silin, ya shimfiɗa abin tare zafi a kansa, ya bar kafa a ƙarƙashin rufin don iska ta ratsa. Farin fenti a kan kwano yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana. A yi wa tagar yamma rumfa. Su kansu farantan, in aka ɗaga su kaɗan daga jikin kwano, inuwa suke yi wa ɗakin da ke ƙasa, su ma su sha iska, domin faranti in ya yi zafi da yawa ƙarfinsa raguwa yake yi. Tun 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi, wadda ta yi magana a kan girman taga da inuwa da rufi. Ya kamata hukumar tsara birane ta Kano ta fassara ta da Hausa, ta kai ta hannun birkiloli da kafintoci, don su ne suke yanke hukunci a lungu, ba injiniya ba.

Sauran tattalin kuwa na ɗabi'a ne. Aiki mai nauyi a yi shi da rana tsaka, lokacin da faranti ke zubo wuta kai tsaye: tura ruwa tanki, guga, daskarar da firiza. Dutsen guga da hita bayan isha'i su suke kashe batir tun bai shekara biyu ba. Tsohuwar firizar gwanjo mai sakakkiyar roba a bakin ƙofa, araharta a kasuwa take ƙarewa. A hunturu ƙura tana kwanciya a kan faranti ta rage masa ƙarfi sosai, sai a riƙa goge shi da sassafe kafin ya yi zafi. Faranti ya ɗan karkata yana kallon kudu, tunda Kano tana arewa da tsakiyar duniya da kusan digiri 12. Sannan a ji tsoron Allah a kan waya. Siririyar waya da batir a ɗakin da ba iska, a unguwar da motar kashe gobara ba ta iya shiga lungunta, ganganci ne da rayukan maƙwabta.

Maganar maƙwabta ta kawo ni kan wata matsala da na tabbata za ta yawaita a gaban masu unguwanni. Mutum ya tara kuɗi ya ɗora sola, bayan wata shida maƙwabcinsa na kudu ya tayar da bene hawa biyu, inuwa ta rufe farantan tun hantsi. Inuwar da ta faɗa kan ɓangare ɗaya na faranti ma tana iya jan ƙarfin sauran da aka jera tare da shi. A da rigimar bene ta leƙen tsakar gida ce, malamai da alƙalai sun san hukuncinta. Yanzu ga sabon haƙƙi ya taso, na rana. Ƙoƙi ba ta rasa malaman fiƙihu ba, ba ta rasa dattawa ba. Gara su zauna da mai unguwa su tsara yadda za a yi tun ba a fara kai ƙara ba.

Wannan cunkoso kuma yana iya zama alheri. Ba kowane gida ne yake da rufin da zai ɗauki faranti ba, ba kowa ne kuma zai iya sayen batir ba, balle ɗan haya. Amma Kano ta riga ta ga yadda ake tarayya a kan rana. A 2018 aka fara raba wa shagunan Kasuwar Sabon Gari wutar sola, kowane shago da mitarsa. A 2019 aka buɗe tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a farkon 2023 kuma aka buɗe ta megawat 10 a Challawa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Me zai hana gidaje 20 ko 30 a lungu ɗaya su haɗa kai, a ɗora farantai a rufin makarantar Islamiyya ko masallaci ko benen da ya fi kowa tsawo, a ja waya mai kyau, kowa ya biya gwargwadon abin da mitarsa ta nuna? Mutanen da suka iya adashi, suka iya haɗa kuɗin rijiyar burtsatse da gyaran taransifoma, wannan ba zai gagare su ba. Sharaɗin shiga shi ne kowane gida ya fara canza ƙwai da fanka, don kada mai ɓarna ɗaya ya shanye batirin jama'a. Attajiran da suka fito daga wannan unguwa, masu raba abinci da azumi, ga wata sadaka mai gudana a ƙofar gidajen kakanninsu.

Akwai kuma wutar da ba a cika sa ta a lissafi ba, ta murhu. Gidan da fitilarsa da fankarsa suke kan sola, amma uwargida tana shaƙar hayaƙin gawayi da itace safe da yamma, bai kai ga burin nan na gida ya samar da wutar da yake sha ba tukuna, dazukan da ake sarewa a loda wa manyan motoci zuwa Kano su ne suke biyan kuɗin. Tukunyar lantarki mai matse tururi tana dafa wake da wutar da ba ta kai yunit ɗaya ba, kuma girkin rana yana faɗowa daidai lokacin da faranti ya fi ƙarfi. Don haka ranar da mai haɗa sola zai zo auna gida, kada maigida ya tsaya da shi a zaure su biyu. A yi sallama a shiga ciki, a tambayi matan gida ƙarfe nawa suke ɗora tukunya, wane ɗaki ne ya fi zafi da la'asar, yaushe ruwan tanki yake ƙarewa, sannan a rubuta adadin faranti da girman batir.