Kafin ka sayi manhajar ba da lokacin ganin likita a Isa

Mara lafiyan da ya taso daga ƙauye zuwa Isa ko Sabon Birni ya tarar likita ba ya nan, ba kuɗin mota kaɗai ya yi asara ba, ya bi hanyar da 'yan bindiga ke tarewa a banza. Shi ya sa nake ganin ya kamata ƙananan asibitoci su riƙa sanya wa mutane rana da lokaci tun suna gida.

Amma ba kowace manhaja ce ta dace da mu ba. Calendly, alal misali, imel take nema, kuma tsarinta na biya da dala ne. Yawancin majinyatanmu ƙaramar waya gare su.

Ka nemi wadda ke aika saƙon tes zuwa lambar waya, ake biyanta da naira, kuma take barin ka sauke jerin sunayen gobe ka buga a takarda. Ka tuna Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da namu. Duk manhajar da za ta tsaya cak ranar da sabis ya ɗauke, kada ka ba ta kuɗinka.