Lafiya Jari: Kafaɗar da ta ƙi ɗagawa



Yau kan kafaɗa za mu tsaya. Daka, jan guga, matsar ƙuli, tuƙin tuwo, duk ita ke ɗauka. A cikinta akwai jijiyoyi 4 da ke ɗaure nama da ƙashin dantse. Shekaru da aiki kan cinye su a hankali, ko faɗuwa ta tsinke ɗaya farat ɗaya. Alamar ita ce ciwon dare, ba ki iya kwanciya ta wannan gefe, ɗaurin ɗankwali ma ya zama aiki.

Wannan ba karaya ba ce, don haka ɗori ba ya kama ta, jan hannu kuwa ƙara ɓarna yake. Hoton radiyo ƙashi yake nunawa, eko ne ke ganin jijiya. Ki fara daga likitar gari, in da hali su tura ki babban asibitin Damagaram. Da yawa ba sai an yi aiki ba: hutu, magani da motsa hannu irin wanda ma'aikatan lafiya ke koyarwa sun isa. Amma in bayan faɗuwa hannu ya ƙi ɗagawa sam, kada ki jira, don jijiyar na janyewa, ɗinkin ya yi wuya.

To, ga inda ƙungiya ta shigo. Aikin na yini ɗaya ne, jinyar ce doguwa. Hannu zai zauna a rataye sati 4 zuwa 6, sannan motsi kaɗan-kaɗan. Taɓarya da guga sai bayan wata 6 ko fiye. Wadda bashi ya kora ta koma turmi da wuri, ɗinkin na iya warwarewa, kuɗi su tafi a banza. Mai ciwon suga ma sai ta ƙara haƙuri.

Shi ya sa a zaman wannan sati mu yanke magana uku: nawa asusun taimako zai ba mai jinya, wata nawa za a ɗaga mata biyan bashi, kuma su wa za su karɓar mata daka da ɗiban ruwa bi da bi. Uwar asusu, a sa shi cikin dokar ƙungiya tun kowa na da lafiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai fitowa ta gaba.