Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Ilimi Ta Jihar Khartoum

Gaisuwa ta girmamawa ga shugabannin ma'aikata, tare da jajen abin da ya sami Khartoum da Omdurman.

Mai wannan wasiƙa ya san asusun jihar ya rame. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe makarantu, har UNICEF ta ƙiyasta a watan Oktoban shekarar cewa yara miliyan 19 ba sa zuwa aji a faɗin Sudan. A Karari, arewacin Omdurman, ajujuwa sun koma ɗakunan kwanan masu gudun hijira: igiyar shanya daga taga zuwa taga, tukunya a gindin allo. Sojoji sun karɓe Khartoum a Maris 2025, jama'a na dawowa, kuma dole ma'aikata ta zaɓi inda za ta zuba ɗan abin da ke hannunta. Roƙon mai wasiƙar shi ne a bar tsarin karatu yadda yake, kuɗin ya fara isa hannun malami.

Ɗan Sudan ya gaji da sauyin tsari. A 1970 gwamnatin Nimeiri ta mayar da tsarin shekarun karatu daga 4-4-4 zuwa 6-3-3. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Bashir ta soke matakin tsakiya, wato mutawassiɗa, ta haɗe shekara takwas a harabar makaranta guda, inda yaro ɗan shekara shida yake bin layin famfo ɗaya da saurayi ɗan sha huɗu. Iyaye sun daɗe suna kuka da wannan kafin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta dawo da 6-3-3. Sai kuma a Janairu 2021 aka dakatar da sabuwar manhaja saboda rigimar zanen Michelangelo a littafin tarihi na aji shida, shugaban cibiyar manhaja, Omar al-Garrai, ya ajiye aiki. Kowane juyi daga cikin waɗannan ya ci kuɗin buga littafi da horar da malami da gina aji. Duk wanda zai kawo shawarar a sake naɗe mutawassiɗa don tsimi, ya fara lissafa wannan. Cibiyar horar da malamai ta Bakht er-Ruda, wadda aka kafa a 1934 kusa da Duwem, a da sai ta gwada darasi a kan ɗalibanta kafin ta rarraba shi ga ƙasa. Wannan natsuwar ce ake nema yau.

Batun albashi kuwa ya girmi yaƙin. A ƙarshen 2022 Kwamitin Malaman Sudan ya shiga yajin aiki, yana neman mafi ƙarancin albashi ya tashi daga fam 12,000 zuwa 69,000, kuma a ware wa ilimi kashi 20 cikin ɗari na kasafi. Yaƙi ya zo ya tarar da maganar a rataye, malamai suka yi watanni babu ko sisi. Wanda ya koma jan rakasha, wato keke mai ƙafa uku, ko ya tsallaka Masar, alli kaɗai ba zai dawo da shi ba.

Abin da ya fi ci wa marubucin tuwo a ƙwarya shi ne inda nauyin yake sauka. Jihar na da ƙananan hukumomi bakwai, aljihunsu ba ɗaya ba ne. Idan ƙaramar hukuma ta gaza, majalisar iyaye ce ke bin gida-gida tana karɓar kuɗin alli da kujera da gyaran banɗaki. A Mayo da Ingaz, kudancin birnin Khartoum, inda Hausawa da dama suke zaune, uwa mai sayar da shayi a bakin titi ba za ta iya biya wa 'ya'ya huɗu ba, kuma 'yar mace ake fara cirewa. Don haka jiha ta ɗauke albashi da littafi daga wuyan ƙananan hukumomi irin su Jabal Awliya da Umbadda, ta hana korar yaro saboda kuɗin majalisa, sannan ta riƙa liƙa takarda a ƙofar kowace makaranta mai nuna littattafai nawa da kujeru nawa aka aiko mata, da ranar da suka iso.