Kafin ka fasa injin kwad ɗinka saboda rairayi, karanta wannan zaren

1/ Duk wanda ƙaramin babur ɗinsa mai ƙafa huɗu ya kafe a tsakiyar tudun rairayi, magana ɗaya ce: "injin ba ƙarfi." Daga nan sai gareji, a sa salansa mai ƙara, a ce an gyara. Ni a ganina inji shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka taɓa. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da gaskiya mai ɗaci. Ƙaramin kwad ɗan Chana mai 150cc ƙarfinsa bai wuce na doki 10 ba. Yamaha Raptor 700, mai 686cc, wanda ya mamaye rukunin kwad a gasar Dakar shekara da shekaru, ya ninka shi wajen sau huɗu. Ba bakaniken da zai mayar maka da wannan ya zama wancan. Wanda ya ce zai iya, kuɗinka yake so.

3/ Amma ɗan ƙarfin da kake da shi ma, yawancinsa ɓarnarsa kake yi. A rairayi tayar da ta yi tauri haƙa rami take yi maimakon ta hau sama. Kana murɗa mai, ita kuma tana binne ka. Ka ƙara wa injin ƙarfi a haka, ramin kawai za ka ƙara wa zurfi.

4/ Gyara na farko kyauta ne: rage iska. Tayar kwad ba ta mota ba ce, yawanci tsakanin psi 4 zuwa 7 take aiki. A rairayi ka sauko wajen 3 ko 4, ta baje ta yi faɗi kamar tafin raƙumi. Kada ka zarce, don taya na iya zamewa daga rim a kwana. Ka nemi ma'aunin ƙaramar iska, na mai faci ba ya karanta wannan daidai.

5/ Na biyu: tayar baya mai fuka-fukai, wadda aka ƙera don rairayi, tana kwasar yashi kamar cokali. Amma a nan mutane ke tafka kuskure. Mai fuka-fukai da yawa tana kama ƙasa fiye da yadda ƙaramin inji zai iya juyawa, sai ya shaƙe. Ƙaramin inji, fuka-fukai kaɗan, taya mara nauyi.

6/ Na uku: giya. In naka mai sarƙa ne, canza ƙaramin farantin haƙoran gaba. Daga haƙori 14 zuwa 13 ƙarfin ja yana ƙaruwa da kusan kashi 8 cikin 100, gudu kuma ya ɗan ragu. To gudun me kake nema a kan tudu? In mai bel ne, rola marasa nauyi a kulocin suna sa injin ya riƙe juyinsa a hawa.

7/ Na huɗu: nauyi. Kariya, akwati, ƙarafan ado, duk a sauke. Goyo kuma a'a. Yawancin waɗannan baburan mutum ɗaya aka ƙera wa, kuma ɗan goyo yana hana ka karkata jikinka, wanda shi ne rabin tuƙin kwad.

8/ Yanzu abin da ya fi ba ni haushi: masu cire matatar iska wai don inji ya "shaƙi iska". Malam, yashi zai shaƙa. Ya shiga ya kankare silinda da ringi kamar sanfefa, ka koma gida da hayaƙi da ƙarfin da bai kai na jiya ba. Matatar soso mai ɗan mai, a wanke ta bayan kowace fita. Shi ke nan.

9/ Salansa fa? Ban ce haramun ba ce. Amma in ka buɗe mafitar hayaƙi ba ka daidaita jet ɗin kafireta ba, mai zai yi wa iska kaɗan, injin ya ɗau zafi. Inji mai sanyaya da iska, ga rana, ga hawa a hankali, fistin na iya ƙonewa. Ƙara ba ƙarfi ba ce.

10/ Za a ce min: to me zai hana a yi borin, a sa babban fistin? Ana yi, yana ƙara ɗan abu. Amma ka haɗa kuɗin kaya, aiki, ƙarin zafi da gajartar ran injin. Sau da yawa gara ka sayar ka cika ka sayi babba na hannu.

11/ Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan. Tudun rairayi fuska biyu gare shi: ɗaya mai sauƙin hawa, ɗaya mai gangara kusan digiri 33, kuma ba ka ganinta sai ka kai ƙoli. Ka rage mai kafin saman. In ka kasa hawa, kada ka tsaya a karkace, nan kwad ke kifewa a kan mai shi.

12/ A tuddan Glamis na Kalifoniya doka ce ka ɗaura tuta a doguwar sanda, ƙafa 8 daga ƙasa, don na ɗaya gefen ya hango ka. Ko Dubai za ka, ko Tulo-Tulo a Yusufari: tuta, hular kwano, ruwa, da abokin tafiya a babur na biyu.

13/ Jerin nawa ke nan: iska, taya, giya, nauyi, matata, sannan inji. Ka bi biyar ɗin farko tukuna ka sake gwada tudun. In har yanzu ya gagara, ba gyara kake buƙata ba, wani babur ne. Ka tura wa abokinka da ke shirin sayen salansa gobe.