Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

"Ba a biya mu ba tukuna." Wannan ita ce maganar da ta zauna a bakin masu kamfanonin dillancin aiki, waɗanda muka fi sani da ajans. Da ita ake sallamar direba da mai gadi, da yarinyar da ke wuni gaban kwamfuta a wani ofishi a Yamai, da samarin da ke bin ƙauyuka suna cike wa ƙungiyoyin agaji takardun bincike. Wata ya ƙare, aiki ya yi kyau, wanda aka yi wa aikin bai yi ƙorafi ba, amma ranar biya sai a ce a yi haƙuri, kamfanin da ya ba da kwangilar bai saki kuɗi ba. Ni dai na ƙi wannan magana, kuma ina so iyaye da ƴan'uwana malamai su daina karɓarta tamkar hukuncin ruwan sama da ba mai iko da shi.

Ga yadda abin yake tafiya. Babban kamfani yana son mutum ashirin, amma ba ya son ya ɗauke su da sunansa. Sai ya ƙulla da ajans, ita ta nemo su, ita ta sa hannu da su, ita ke biyansu. Kamfani yana biyan ajans wani adadi a kan kowane kai, ajans ta cire nata ta miƙa saura. Har nan ba abin faɗa. Dillanci sana'a ce tun kaka da kakanni, ba wanda ya ce dillali ya yi aikin banza.

Amma duk wanda ya taɓa kai sa kara, a Badagishiri ko a kowace kasuwar dabbobi, ya san abin da ya sa ake ba dillali la'ada. La'adar sananna ce, mai saye ya san ta, mai sayarwa ya san ta. Sau ɗaya ake biyanta, ciniki ya faɗa, kowa ya kama gabansa. Sannan dillali yana tsayawa: in dabba ta fito ta sata shi ake kamawa, in an ba da bashi a kan fuskarsa shi mai dabba zai bi. Wannan tsayuwar ce ake saye. To ku auna ajans da wannan ma'auni. La'adarta a ɓoye take, yaro bai taɓa ganin takardar da ke tsakaninta da kamfani ba, in ya tambaya a ce masa sirrin aiki ne. Ba sau ɗaya take cira ba, kowane wata ne, ko da yaron ya shekara biyar a kujera guda, ita kuwa rabonta da shi tun ranar da ta karɓi dosiyensa. Ranar da biya ya makara, maimakon ta tsaya, sai ta koma bayan yaron ta ɓuya.

Mu yi lissafin allo, misali ne kawai. Kamfani yana ba ajans jika 150 a wata a kan mutum ɗaya, mutumin yana karɓar jika 90. Jika 60 sun tsaya a hanya, kashi 40 cikin 100 ke nan. Mai ajans zai ce ba duka ne riba ba: akwai hayar ofishi, akwai haraji, akwai albashin akawu, akwai zubin asusun CNSS. Gaskiyarsa, in dai ana zubin. Sai dai a nan wayon yake. Yawancin takardun da ake miƙa wa matasanmu ba su kira su ma'aikata ba. An yi musu suna mai daɗi, kwansiltan, ko mai ba da hidima, wato wai ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa da ya sayar wa ajans aikinsa. Yaron da ake gaya wa ƙarfe nawa zai zo, ƙarfe nawa zai tashi, wanda ba ya iya zuwa jana'izar kawunsa sai da izini, shi ne wai mai cin gashin kansa! Da wannan suna guda an zare shi daga inuwar doka. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ce albashin wata kada ya wuce kwana 8 bayan ƙarshen watan da aka yi wa aiki. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42 a farkon 2024. Akwai hutun shekara, akwai zubin fansho. Duk wannan na ma'aikaci ne. Kwansiltan kuwa faktir yake rubutawa, ya zauna jira kamar mai sayar da siminti.

Jiran nan shi ya fi ci mini rai. Yaro ya yi aikin Janairu. Ƙarshen wata ya miƙa takardar kwanakinsa, ajans ta tattara ta aika wa kamfani faktir cikin Fabrairu, kamfani kuma ƙa'idarsa kwana 60 bayan karɓa. Kuɗin Janairu sai Afrilu, in an yi sa'a ba a ce sa hannun wani shugaba ya rage ba. A cikin waɗannan watanni wa ke biyan kabu-kabun da ke kai shi aiki? Wa ke biyan haya, wa ke ba shi na kalaci? Ku iyaye kun san amsa. Uwa ce ke ɗaukar adashinta ta tura, uba ne ke buɗe rumbu tun kafin bazara ya auna hatsi ya kai kasuwa. Kamfanin da ke da motoci jere a ƙofa, da ajans mai ofishi da na'urar sanyi, dukansu suna juya sana'arsu da bashin da ba ruwa, kuma mai ba su bashin tsohuwa ce mai tuyar ƙosai a wata unguwa a Maraɗi. Ita ba ta ma san tana cikin cinikin ba.

Wani tsohon ɗalibina, wanda na koyar a koleji, ya yi wata bakwai a irin wannan aiki, an biya shi huɗu. Da ya je kamfanin da yake yi wa aiki kullum, aka ce ba su san shi ba, sunansa ba ya cikin littafinsu, ya nemi ajans. Da ya je ajans aka nuna masa layin da ya sa wa hannu, inda aka rubuta da Faransanci cewa biyansa yana rataye da biyan kamfani. Ya karanta layin lokacin sa hannu, ba jahili ba ne, yana da lisans. Amma ya shekara biyu yana zaman fada da shayi, kuma mutum talatin ne a bayansa riƙe da dosiye. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mu malamai bai kamata a yi mana dogon bayani a kan jiran kuɗi ba. Ƴan kwantiragi sun yi shekara da shekaru suna ajiye alli saboda bashin watanni, mun ga yadda malami ke kauce wa hanyar mai kanti. Amma ko a cikin wannan wahala, ɗan kwantiragi ya san wa yake bi, yana da sandika, yana da ƙofar da zai buga. Yaron ajans ubangida biyu gare shi ranar aiki, ranar biya ba shi da ko ɗaya. Mutanen Arlit sun ga ƙarshen wannan tsari lokacin da aka rufe ma'adinin Cominak a ƙarshen Maris 2021: ma'aikatan kamfanin sun samu tsarin sallamarsu, ɗaruruwan da suka shigo ta hannun ƴan kwangila, waɗanda suka sha ƙura ɗaya da su, suka yi ta kukan an bar su a baya.

Na san abin da masu ajans za su ce, na sha jin shi. Za su ce in ba don su ba yaran nan da suna zaune, kuma manyan kamfanoni ne ke jan ƙafa, su ma matse su ake yi. Ban musa ba, ana matse su. Amma wa ya fi ƙarfin ɗaukar matsi, mai rajistar kasuwanci da asusu a banki, ko yaron da ko katifa bai gama biya ba? In kamfani yana biya bayan kwana 60, ajans ta san haka tun ranar da ta sa hannu. Ta nemi jari, ta je banki, ta sa kuɗin jiran cikin farashinta. Abin da kashi 30 ko 40 ɗin nan ya kamata ya saya ke nan. Wanda ba shi da jarin biyan mutanensa wata biyu bai isa buɗe ajans ba, ya je ya nemi wata sana'a. Ba a cin la'adar tsayawa sannan a ƙi tsayawa.

Sai kuma kuɗin dosiye, wanda ko kunya ba a ji wajen karɓarsa. Jika biyar, jika goma, wani wurin ma rabin albashin watan farko. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta kafa ƙa'ida cewa kamfanin dillancin aiki ba ya karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki, wanda ke neman ma'aikata shi ke biya. Mu a nan akuya ake sayarwa a kai, har a haɗa da godiya.

Hukumar ANPE da masu binciken ƙwadago na jihohi suna da aiki a gabansu, kuma ba mai wuya ba ne: su shiga ofisoshin nan su ce a fito da takardu biyu, ta kamfani da ta yaro, a ajiye su gefe da gefe. Kafin su motsa, uban da ɗansa ya zo masa da takarda kada ya tsaya ga sa albarka kawai. Ya sa a karanta masa. A nemi ranar biya a rubuce, rana ta wata, ba "bayan an biya mu" ba. A tambayi lambar CNSS. A tambayi nawa kamfani ke bayarwa a kan kansa. In an ƙi faɗa, ƙin ma amsa ce. Mu kuma da ke koyar da kashi cikin ɗari a aji, mun gaji da misalin ɗan kasuwa da ya sayi yadi ya sayar. Ni bana lissafin jika 150 da jika 90 na sa wa ƴan ajin birbe, na ce su fitar da kason ajans a wata, sannan a shekara biyar. Wata yarinya ta gama kafin kowa, ta ɗaga hannu ta ce miliyan 3 da jika 600, ta ƙara da cewa yayanta mai gadi ne a Yamai, za ta kira shi da dare.