Hoton CT Ba Hoton Salla Ba Ne

A watan Afrilu na 2025 wasu likitoci masu bincike a Amurka suka ba da labarin cewa a shekarar 2023 kaɗai an ɗauki hoton CT sau miliyan 93 a ƙasarsu, kuma wannan yana iya jawo ciwon daji kamar 103,000 nan gaba. Ƙiyasi ne dai, ba marasa lafiya aka ƙirga ba. Amma maganar ta shafe mu, domin na'urar ta iso asibitin koyarwa na Ibadan tun 1987, yanzu kuwa ga ta a manyan garuruwanmu.

CT, watau na'urar nan mai kama da ƙaton zobe wadda ake kwantar da mutum a tura shi ciki, tana aiki ne da haske mai ratsa jiki irin na hoton ƙirji, sai dai nata ya fi yawa nesa ba kusa ba. CT ɗaya na ƙirji ya kai kamar hoton ƙirji 70. Ba ya zafi, ba a ganinsa, amma yana taɓa ƙwayoyin jiki, kuma haɗarin taruwa yake yi in ana maimaitawa. Har kuskure akan samu: a 2009 aka gano asibitin Cedars-Sinai na Amurka ya ba mutum 206 kusan ninki takwas na abin da ya kamata, wasu har gashinsu ya zube.

Yara sun fi manya rauni wajen wannan haske. Wani binciken Ingila na 2012 ya ƙiyasta cewa cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara 10 da aka yi wa CT na kai, ana iya samun ƙarin ɗaya mai sankarar jini, ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa. Kin ga ke nan kaɗan ne. In ɗanki ya faɗo daga katanga yana amai ko ya suma, likita ya ce a yi, to, a yi maza. Jinin da ke taruwa a ka ba ya jira.

Inda muke da laifi shi ne matsa wa likita saboda ciwon kai na kwana biyu, wai maƙwabciya ta yi. Sa'an nan ga yawon asibiti: a yi a nan, a yar da takardar, wata mai zuwa a sake a can, ga asarar kuɗin maigida. Ki adana hoton da takardarsa a ƙasan akwati, ki riƙa tafiya da su. Ki tambayi likita cikin ladabi ko sikanin zai wadatar, domin shi da sauti yake aiki, ba ya da wannan haske.

Mai juna biyu kuwa, ko wadda ta yi ɓatan wata, ta faɗa tun kafin a kwantar da ita. Amare, ban da kunya a nan, ko da ma'aikacin namiji ne.